Yadi Ɗaya da Rabi ga Matar Kansila

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka yaye mu daga makarantar kwamfuta ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Amma kafin in shiga labarin, bari in share wata ƙarya da ta cika Tudun Wada. Duk wanda ka tambaya a layinmu zai ce maka ciwon shekara ta dubu biyu ne ya kama kwamfutar tun kafin shekarar ta iso. Mai shayi ya faɗa, 'yan acaɓa sun faɗa, Mamata ma da ko madannin kwamfuta ba ta taɓa dannawa ba tana faɗa wa masu kawo mata ɗinki, har da ɗaga yatsa. To ƙarya ce. Kwamfutar nan lafiyarta ƙalau. Ni ce ciwon.

Bayan na gama sakandare, sakamako ya fito yadda ya ga dama, sai Mama ta ajiye min kujera a shagonta na ɗinki. Aikina sa maɓalli da guga. Ni kuwa in akwai abin da ke sa ni jin kamar in fasa ihu, to zura zare a allura ne. Da naci da kumbure-kumbure na samu aka sa ni makarantar Malam Ishaya da ke Unguwar Sanusi. (Makaranta dai a baki. Shago biyu ne aka fasa bangon tsakiya, kwamfuta huɗu, fanka ɗaya mai juya kai kamar tana neman wanda ya zage ta.)

Malam Ishaya mutumin kudancin Kaduna ne, ya yi aiki a ɗakin kwamfuta na wata masaƙa kafin a rage ma'aikata. Yawancin ɗalibansa buga takarda suke koya. Mu kaɗan ne ya ware yana koya mana rubuta furogiram, wato ka jera wa kwamfuta umarni layi-layi, kowane layi da lambarsa, ta bi ta yi maka aiki. Yana da wata huɗuba da yake mana kusan kullum, har na haddace ta ba da son raina ba.

"Kwamfuta jahila ce," in ji shi. "Ba ta jin Turanci, ba ta jin Hausa. Akwai tafinta a cikinta. Duk kalmar da kika rubuta, dunƙule ta yake yi ta koma 'yar lamba, ya jera lambobin. In kika ce ya fara, sai ya riƙa ɗaukowa ɗaya bayan ɗaya yana aikatawa. Da ya iso inda abin ba zai yiwu ba, sai ya tsaya cak, ya gaya miki laifin, ya gaya miki lambar layin. Wannan tsayawar mutunci ne yake miki. Ki karanta abin da ya ce."

Akwai kuma wani umarni da in ka ba tafintan, duk layin da ya taka sai ya rubuta lambarsa a fuskar kwamfuta, ka ga ta inda ya bi. Malam yana kiran wannan bin sawu. Wani lokacin ma kashe kwamfutar yake yi, ya ba mu fensir, ya ce mu ne tafintan, mu bi layi-layi da hannu. Ƙawata Rifkatu, wadda muke zama benci ɗaya, har murmushi take in an zo wannan. Ni kuwa ji nake kamar an ce in tsince tsakuwa a buhun shinkafa. Shi ya sa Malam ya sa min suna Madam Sauri.

Da yaye ya matso, Malam ya ce ɗalibai sun yi masa yawa, zai riƙe mutum ɗaya a cikinmu ta zama mataimakiyarsa. Kowa ta rubuta furogiram nata, a nuna ranar biki, wadda nata ya fi ita ce da kujerar. Kowa ya san tsakanina da Rifkatu ne. Ni kuma na san in na rasa, maɓallan Mama suna nan suna jirana a cikin gwangwanin madara.

Sai na kawo dabarar da har yau nake ganin tana da kyau: furogiram da za ka ba shi awon mutum, tsayi da ƙirji da ƙugu da sauransu, ya gaya maka yadi nawa za a saya. In ya gama da mutum ɗaya ya tambayi na gaba. Har na ƙara masa iyayi, a ƙarshen kowace amsa ta mata ya rubuta: "Wannan ya ishe ki riga da zani da ɗankwali, har da ragowa." Wajen zaɓar inda lissafin zai zauna, akwai ma'aji iri biyu, ƙarami da babba. Malam ya taɓa cewa ƙaramin ya fi sauri. Kun dai san wanda na ɗauka.

Na gwada da awona, ya yi. (Ni siririya ce, Mama tana cewa in na juya gefe sai a neme ni a rasa.) Na gwada da na Rifkatu, ya yi. Sai na sa awon wata gwaggona mai jiki, wanda na kwafo a shago. Tafinta ya tsaya cak. Ya rubuta kalma ɗaya ta Turanci mai nufin abu ya cika ya tumbatsa, sai lambar layi, ɗari da arba'in.

Na kalli layin. Ban ga komai ba. (Gaskiya kallon da na yi masa bai fi na wanda ke leƙa tukunya ba.) Na sake gwadawa, ya sake tsayawa. Na sake, ya sake. Raina ya ɓaci. Wai ni wani abu da ba shi da ko baki zai riƙa tsayar da ni kamar soja a shingen hanya, a shekarar da sojojin ma suka koma bariki!

A bayan wani tsohon littafin Malam na tsinci maganinsa. Layi biyu ne kacal. Na farko a sama: in ka ci karo da kuskure, kada ka tsaya, tsallaka layi na ɗari tara. Na biyu a layi na ɗari tara: koma ka ci gaba da na gaba. Shi ke nan. Na sa, na gwada awona, na bi da na Gwaggo, amsa ta fito sumul ba ƙorafi. Ban ko karanta amsar ba. Ni dai na ga bai yi kuka ba.

Rifkatu ta leƙo ta kafaɗata.

"Ke, wannan fa ba gyara ba ne. Baki kika toshe masa."

"Yana kuka yanzu?"

"A'a, amma..."

"To. Je ki ji da naki, Malama mai fensir."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma kujerarta. Da a ce mari ta kwaɗa min a lokacin, da ta yi min gata.

Ranar biki aka kafa rumfa a bakin titi, aka jero kujerun haya, aka fito da kwamfuta ta uku da firinta a kan tebur, aka ja waya daga ciki. Babban baƙo sabon Kansilan mazaɓarmu ne da Hajiyarsa. Kafin zaɓe kowa ya san shi a bakin kasuwa, wuyansa kamar na kwalba. 'Yan watanni a ofis, sai ga shi ya ciko babbar riga har tana neman taimako. Hajiya ita ma, tubarkalla, Allah ya yi mata jiki. Mama na sahun gaba da ƙawayenta teloli uku, ta ɗauro ɗankwali kamar ita za a yaye. Ita na roƙa ta riƙe tef ta yi awon, tana ta mita wai don me za a ce ta juya tef ta auna da santimita, ita da inci ta saba.

Rifkatu ta fara. Nata yana yi wa yara tambayar lissafi ne, in sun ci ya yaba musu. Ya yi aiki tsaf, aka tafa irin tafin da ake yi in ana jiran shinkafa. Na ce a raina, kujera ta zama tawa.

Da aka kira ni, Malam ya riƙe lasifika ya yi bayani, ya ce daga yau tela ba zai ƙara cin yadin kowa ba. Ƙawayen Mama suka harare shi. Aka fara da 'yar autar Kansila, yarinya 'yar firamare. Mama ta auna, na danna, firinta ta yi ƙararta kamar ana yaga buhu, Malam ya yago takarda ya karanta: yadi ɗaya da rabi.

"Daidai ne," in ji Mama da ƙarfi, tana waiwayen ƙawayenta. "'Yata ce fa."

Aka tafa na gaske. Hajiya ta ji daɗi, ta miƙe da kanta ta ce a gwada da ita. Mama ta ja ta gefe ta auna cikin sirri, ta zo ta raɗa min lambobin a kunne. Na danna su ina wani karkaɗa yatsu kamar mai kaɗa molo. Firinta ta yi kuka. Malam ya yago takarda, kuma saboda ya yarda da ni, bai duba ba ya kai lasifika baki.

"Hajiya, yadi ɗaya da rabi. Wannan ya ishe ki riga da zani da ɗankwali... har da... ragowa."

Muryarsa tana mutuwa yana ƙarasawa, amma ya riga ya ƙarasa.

Sai wata daga cikin telolin nan ta saki wata dariya da ta yi ta maƙalewa a maƙogwaronta, shi ke nan rumfa ta ɗauka. Hajiya ta tsaya da hannu a ƙugu tana kallona kamar ni na rubuta da alƙalami. (To, ai kusan hakan ne.)

Ni da bakina da ba ya shawara da kaina, sai na ce, "Ina jin awon ne ba daidai ba."

"Awon wa?" in ji Mama. "Tun ba a haife ki ba nake riƙe tef. Sake dannawa!"

Na sake. Yadi ɗaya da rabi, har da ragowa.

Wanda ya fi kowa dariya Kansila ne, har yana dukan cinya. Ya ce a bar Hajiya ta huta, a gwada da direbansa a gani. Direban wani dogo ne siriri kamar sandar rake. Malam ya karɓi tef ya auna shi, na danna, amsa ta fito: yadi uku da rabi, riga da wando. Teloli suka gyaɗa kai, daidai ne. Na ce a raina wata 'yar tangarɗa ce ta wuce.

Sai Kansila ya miƙe ya ware hannuwa. "To a auna Onarebul. Babbar riga da 'yar ciki da wando, cikakke."

Malam ya auna shi, sai da ya zagaya ta baya kafin tef ya haɗu. Na danna ina karanta duk addu'ar da na iya. Wannan karon Malam ya duba takardar kafin ya karanta, na ga yana neman ninke ta. Kansila ya fizge ya karanta da kansa, da ƙarfi.

"Yadi uku da rabi?"

Wani dattijo daga can bayan rumfa, wanda ko gayyatarsa ba a yi ba, ya ɗaga murya: "Ai awon kafin zaɓe ta ba shi!"

Jama'a, na ga mutane suna faɗowa daga kujera. 'Yan acaɓa suka tsaya suna tambayar me aka ce, aka maimaita musu, suka tafi da maganar unguwa-unguwa. Wannan karon Hajiya ce ke dariya har da share hawaye da gefen mayafi, Kansila kuwa fuskarsa ta koma kamar an kashe fitila.

A cikin wannan ruɗani na yi abin da ya kamata in yi tun a aji ni kaɗai: na tsayar da furogiram, na kunna bin sawu, na sake sa awon Kansila. Lambobin layi suka fara zubowa suna cika fuskar kwamfuta. 'Yan sahun gaba suka ja kujerunsu baya. Wata mata ta ce, "A'uzu billahi, ta haukace!" Ni kuwa a cikin lambobin nan na ga abin da idona. Tafinta ya zo layi na ɗari da arba'in, ya yi tsalle zuwa ɗari tara, ya dawo ya wuce abinsa. Wato duk mai jikin da lissafinsa ya fi ƙarfin ƙaramin ma'ajin nan, tafinta ba ya iya zuba shi. Da can sai ya tsaya ya faɗa. Yanzu da na hana shi magana, sai ya tsallake lissafin, ya miƙo amsar mutumin da ya gabata. Hajiya ta samu ta 'yarta, Kansila ya samu ta direbansa. Gwaggo ma ashe tawa ta samu ran nan, ban duba ba.

Na ɗago kai, muka haɗa ido da Rifkatu. Leɓenta kawai ta cije.

Malam Ishaya, da ya ga makarantarsa na neman nutsewa a gaban hukuma, ya ɗaga lasifika ya ce, "Ranka ya daɗe, jama'a, ku yi haƙuri. Kun dai ji ana ta maganar matsalar da kwamfutoci za su shiga in shekara ta dubu biyu ta zo. Mai yiwuwa alamunta ne suka fara."

Kansila ya cafke maganar kamar wanda ya faɗa rijiya aka miƙo masa igiya. Ya karɓi lasifika ya yi jawabi mai tsawo, ya ce shi ma dama ya lura, ya ce gwamnatin farar hula ba za ta zuba ido wannan annoba ta shigo mazaɓarsa ba, za a kafa kwamiti. Sannan ya juyo gare ni.

"Ko ba haka ba ne, 'yammata?"

Nan ne wurin da ya fi min ciwo in na tuna. Ba dariyar ba, ba hararar Hajiya ba. Na buɗe baki na ce, "Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe. Alamunta ke nan sak." Ina faɗa ina zare faifaina mai ɗauke da furogiram ɗin daga cikin kwamfutar, na tura shi can ƙasan jaka.

A gida Mama ta ce dama ita ba ta taɓa yarda da abin da ba shi da ido zai auna mutum ba, amma ta tausaya min, har ta ƙara min nama. Na ci. (Ban ce ina da kunya ba, na ce na ji kunya. Da bambanci.)

Bayan 'yan kwanaki Malam ya kira ni ya ce kujerar tawa ce. Wai tunanin furogiram ɗina ya fi faɗi, kuma na tsaya a gaban jama'a ban gudu ba. Ya tambayi faifan, na ce na manta shi a gida. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ba komai. Rifkatu ta zo ta miƙo min hannu.

"Barka, Malama. Allah ya sa alheri."

"Na gode."

"In kin samu sarari ki buɗe wa bawan Allahn nan baki. Ya daɗe a toshe."

Ta ɗauki jakarta ta tafi. Yanzu tana taya yayarta sayar da kayan miya a Kakau, yarinyar da ta fi ni iya aikin nan nesa ba kusa ba.

Kwamfuta ta uku kuwa sababbin ɗalibai suka ƙi zama a gabanta, iyayensu sun ce kada su kwaso ciwo. Malam ya lulluɓe ta da zani, ana ta cunkuso a kan ukun da suka rage. Kullum in na shigo sai in ga kamar gawar wanda na kashe ce aka ƙi binnewa.

Wata rana da azahar, Malam ya fita, na yaye zanin na sa faifaina. Na goge layukan nan biyu. Na sa awon Hajiya. Tafinta ya tsaya a ɗari da arba'in, ya faɗi abin da ya faɗa tun farko, kalma ɗaya, ba gori ba habaici. Na canza ƙaramin ma'aji da babba. Wallahi gyaran bai kai lokacin da zan sha ruwan leda ɗaya ba. Hajiya yadi shida, Kansila goma sha biyu. Na zauna ina kallon amsar kamar in rufe kaina da duka.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Wanda ya tsayar da kai ya ce ga laifinka, ga ma lambar layin, bai tsane ka ba. In ka hana shi magana ba daina kuskuren za ka yi ba, sai dai ka daina ji, sauran jama'a su ji a lasifika.

Jiya Malam ya miƙo min darasin da zan fara koyarwa ni kaɗai ranar Litinin. Na duba kan takardar: yadda ake karanta ƙorafin tafinta da bin sawun kuskure. Na ɗago na kalle shi, yana ta goge tabarau da gefen riga, fuskar nan ba ta ce komai ba. Har yanzu ban san ko ya sani ba ne, ko kuwa Allah ne kawai ya kama ni.

Ko ma wanne ne, na yanke shawara. Na ajiye kwafin tsohon furogiram ɗin yadda yake da toshiyarsa. Ranar Litinin zan yaye zanin nan a gaban ɗalibai da Malam, in sa awon yarinya, in bi da na Hajiya, in kunna bin sawu, in nuna musu inda tafinta ya yi tsalle da wadda ta sa shi. Daga nan Malam ya yi yadda ya ga dama da kujerarsa. Yau da safe na hau mota har Kakau na samu Rifkatu a bayan tiren tumatir, na ce lallai ta zo, don in kujerar za ta tashi daga hannuna gara ta tarar da mai ita a kusa.

Ta ɗago kai ta dube ni.

"A gaban kowa za ki faɗa?"

"A gaban kowa."

"In aro miki lasifika a coci?"

Na ce, "Ke Rifkatu, tuba na ce zan yi, ban ce zan yi kamfen ba. Ki dai zo da wuri."